Corolla a Sanyin Safiya: Yadda Muka Duba Ta Kafin In Biya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin masu neman mota a Kano ya sauya. Da can girman mota da kyan kujeru ake fara tambaya. Yanzu kuwa kafin a gama gaisawa sai ka ji, "Yaya shan manta?" Abin da ya raba ni da tsohuwar motata mai silinda shida ke nan, na shiga neman Corolla irin wadda aka yi tsakanin 2009 da 2013. Ba wai tana burge ni ba ne. Injinta ƙarami ne, lita 1.8, sarƙa ce a cikinsa ba bel ba, kayan gyaranta kuma in ka shiga Ƙofar Ruwa ba za ka fito hannu rabbana ba. Na ɗan yi sha'awar Camry ɗin da ake kira Muscle, amma injinta mai lita 2.4 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, ni kuma ba ni da haƙurin zaro sandar awo kowace safiya.

Kafin in taka filin kowane dillali, garejin dattijon da ya daɗe yana duba min mota na fara zuwa. Baba muke ce masa. Tun zamanin da Fijo 504 ke fitowa daga Kaduna ya koyi aiki, amma bai tsaya can ba, yana da yaro mai na'urar kwamfuta saboda motocin zamani. Ya gindaya min sharuɗɗansa. Ba ya duba mota da yamma, balle da dare a ƙarƙashin fitila. Kada mai mota ya san wane ne bakanikena sai ya gan shi a ranar. Kuɗin ƙafarsa kuma zan biya ko an saya ko ba a saya ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran nauyi a wurina, domin kowa ya san abin da ke faruwa a kasuwar mota: dillali ya ja bakaniken mai saye gefe ya ce, "Oga, akwai naka a ciki," daga nan duk aibin da aka gani sai ya koma "ƙaramin abu ne, Alhaji."

Ta farko da muka je gani a wani fili take, cikin jerin 'yan Kwatano. Ruwan toka ce, sai sheƙi take, tayoyin an shafe su da mai, cikinta ƙamshin turare har ya yi yawa. Dillalin ya tarbe ni da hannu biyu.

"Alhaji, ka zo a sa'a. Wannan 2012 ce, saukar makon jiya. Mace ce ta hau ta a can, daga gida sai wurin aiki. Fes bodi, ko tabo babu. Sayen nagari mayar da kuɗi gida."

Baba bai ce komai ba. Ya sa aka ɗaga bonet, ya ɗora bayan hannunsa a kan injin, ya dube ni. Da ɗumi. Ƙarfe bakwai da rabi na safe, cikin hunturu, amma an riga an tayar da ita ta yi zafi kafin mu iso. An kuma wanke injin tas, har robobin suna ƙyalli. Dillalin ya ce ai gyara fili suka yi, suka matsar da ita. Mai yiwuwa ne. Sai dai abubuwa biyu da muka yi sammako dominsu, wato ƙarar inji a tashin farko da tabon mai a jikinsa, duk an share su.

Yaron Baba ya leƙa ta gilashin gaba, ɓangaren direba, ya karanto lambar casis. Haruffa da lambobi 17 ne. Ta fara da 2T1, alamar a Kanada aka haɗa ta. Na goma a jerin shi ne ke faɗin shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Tata 9 ce. An sauya mata bamba da fitilu ne zuwa fasalin da Toyota ta fito da shi daga 2011, aka ɗora mata shekara uku na ƙuruciya da kuɗin da ya dace da su. Wannan kaɗai bai isa ya kore ni ba, a kan yi, kuma abu ne da za a zaftare a farashi.

Abin da ya kore ni na cikin motar. Baba ya zauna a kujerar baya ya jawo bel ɗin ɗaure jiki, ya yi ta ja har ya ƙure. Can kusa da ƙarshe, inda mai wanki bai taɓa kaiwa ba, ga wani layi ruwan ƙasa ya ratsa shi, daga nan zuwa ƙasa duk dabbare-dabbare. Ya tura kujerar gaba baya, ƙarfen da take gudu a kai ya yi tsatsa, notukan ma haka. Ya ɓamɓare robar bakin ƙofa ya cusa hannu ƙarƙashin kafet, ya fito da yatsunsa da busasshen laka mai laushi. A but, ƙarƙashin safaya, irin lakar ce kwance a lungu. Ya zare wani soket a ƙasan kujera ya nuna min bakinsa, ya yi kore-kore. Sai a lokacin na gane aikin da turaren yake yi.

Muna tsaye yaron ya rubuta lambar casis ɗin a wayarsa ya nema a intanet. Yawancin motocin Amurka da ke zuwa mana ta hannun kamfanonin gwanjo irin su Copart da IAA suke bi, kuma hotunan da aka ɗauka ranar gwanjon sukan daɗe a intanet. Ga ta nan kuwa, da tsohuwar fuskarta, an rubuta ruwa ne ya ci ta, kuma awon tafiyarta a hoton ya kusa ninka wanda ke kan allonta yanzu. Dillalin ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ya ce wallahi shi ma haka ya saye ta. Ban musa masa ba, zai iya zama gaskiya.

A hanya Baba ya yi min bayanin da na riƙe har ƙarshen neman. Ya ce, "Malam, aibin mota iri biyu ne. Akwai wanda zan ɗauki waya in tambayo maka kuɗinsa yanzu, akwai wanda ba mai iya faɗa maka kuɗinsa. Na farkon ciniki ake yi a kansa. Na biyun tafiya ake yi." Ruwa na cikin na biyun. Motar da ta nutse ba ranar take nuna hali ba: wayoyinta ne ke ruɓewa a hankali daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka, jibi giya ta rikice, wata uku birenbos, wato kwamfutar motar, ya mutu, kai da mai wayarin kun zama 'yan uwa. Kuma ba daga waje kaɗai irinsu ke zuwa ba. Guguwar Harvey ta nutsar da motoci dubbai a Houston a 2017, haka ne, amma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta shanye motoci a Maiduguri, nan kusa da mu, kuma ba a tunanin duk an kai su bola.

Malamanmu kan kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. A wa'azi mai sayarwa ake ja wa kunne da shi. Ni kuwa tun ranar da na ga hannun Baba a ƙarƙashin kafet, ɓangaren cusa hannun nake tunawa.

Wadda na saya ba a fili na same ta ba. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da maƙwabcinsa a Hotoro, ma'aikaci ne da aka yi wa sauyin wurin aiki, yana son sayar da tasa. Ta hannu ce, ta yi shekaru a Kano, da lambarta. Da muka yi waya ya ce in ina so in tura kafin alƙalami ya riƙe min, don akwai masu zuwa. Na ce ya yi haƙuri, ba na cinikin biri a sama, abu ɗaya nake roƙo: kada a tayar da ita, kada a wanke ta, sai mun zo. Ya yi dariya ya ce ai ya huta.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Mun same ta a ƙofar gida, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, ganyen darbejiya a kan gilashi. Baba ya taɓa injin, sanyi ƙalau. Ya durƙusa ya dubi ƙasan inda ta kwana, babu ɗigon komai sai wani tsohon tabo da ya bushe. Mai motar ya fito da shayi, kuma tun kafin a tambaye shi ya ce fitilar inji tana kunne ta daɗe, sannan Adaidaita Sahu ya taɓa gogar ta a gefen dama.

Aka share ƙurar da tsumma. Baba ba ya kallon bodi gaba da gaba. Yakan tsaya a kusurwa ya karkata kai, ya bi gefen motar da ido daga fitilar gaba zuwa ta baya, inda hasken rana ke kwanciya. A haka fentin da aka sake yake tona kansa. Fendar dama ta ɗan fi ƙofar duhu, ga 'yan ƙuraje a fuskarta. Ya ciro ɗan maganaɗisu a aljihu, naɗe da ƙyalle don kada ya karce fenti, ya riƙa ɗora shi wuri-wuri. Ko'ina yana kamawa, sai wani wuri mai faɗin tafin hannu a fendar nan, ya zame: an cike shi da fila. Ya bi tsagar da ke tsakanin bonet da fenda da ɗan yatsa, hagu da dama, faɗinsu ɗaya. Ya duba kawunan notukan da ke riƙe da fenda da ƙofofi, ko sifana ta taɓa cin fentinsu. Ya duba tambarin da ke kusurwar kowane gilashi, duk iri ɗaya ne. Sannan ya haska tocila can ƙasa, kan ƙarafan casis biyu da suka miƙo gaba suka riƙe inji. Nan ne maganar take. In an taɓa buga mota da gaske aka ja ta aka miƙar, za ka ga ƙarfen ya yi tamoji, ko walda, ko sabon baƙin fenti a inda bai kamata ba. Nata sumul suke, da tsohuwar ƙurarsu.

"Gogar Adaidaita ce, kamar yadda ya faɗa," in ji Baba. Ya ce da yaron ya rubuta.

Tayoyi ni na duba da kaina, don an koya min. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na gaba sababbi ne. Na baya kuwa zanensu bai cinye ba, amma shekarunsu sun ja, gefensu duk ya tsattsage. A zafin kwaltar watan Afrilu irinsu ne ke fashewa. Aka rubuta.

Kafin a murɗa makulli Baba ya gama da duk abin da ake dubawa a sanyi. Ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi: in ruwa na haɗuwa da mai, za ka ga wani kumfa fari-fari ya manne a ciki, alamar gasket ya ƙone. Babu. Ya leƙa ramin da tocila, ƙarfen ciki ruwan zuma ne, ba baƙin daskararren datti ba, wato ana yi mata juye a kan kari. Ya zaro sandar man giya ya goga a farar takarda, ya kai hanci. Ja ne da ya fara komawa ruwan ƙasa, amma ba ya ƙauri. Man giyar da ke warin ƙuna, ko kake ganin ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa, shi ma yana cikin abin da ake tafiya a bari. Da ya buɗe lagireto sai ya yi tsaki. Ruwan famfo ne zalla, ya fara yin ja saboda tsatsa, maimakon ruwan hoda da Toyota ke zubawa. Ya bar murfin a buɗe.

Ya ce in shiga in murɗa makulli rabi, kada in tayar. Duk fitilun allo suka kama: ta inji, ta mai, ta batir, ta ABS, ta jakar iska. Dole kowace ta kama, domin wadda ba ta kama ba an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin salatif. Ta jakar iska ta yi 'yan daƙiƙoƙinta ta mutu ita kaɗai. Wannan ma abin lura ne, don akwai masu haɗa wayarta da ta fitilar mai, su riƙa mutuwa tare bayan an tayar, alhali jakar ta daɗe da fashewa an cusa tsumma a gurbinta. Amma tun a wannan rabin makullin muka ji fankar lagireto ta kama gudu.

"An yi mata darek," Baba ya faɗa, yana kallon mai motar.

Ya ce eh, bakanikensa ne ya ce tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, na ƙasar sanyi ne, ya cire, ya haɗa fanka kai tsaye. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma ina ganin ɓarnarta ta fi amfaninta. An ƙera injin ne ya yi aiki a wani zafi ƙayyadadde. In aka hana shi kaiwa can, kwamfutar motar takan ɗauka har yanzu bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Ka sayi Corolla don tsimin mai, ka ɓuge da shan man babbar mota. Ga mai saye kuma akwai wata matsalar: fankar da ba ta tsayawa takan rufa wa injin da ke tafasa asiri.

Shi ya sa aka bar lagireto a buɗe. Baba ya tsaya a kan injin, yaron ya koma bakin salansa, na tayar. Bugu ɗaya ta kama. An ji wata 'yar ƙara, karrr, ta daƙiƙa guda, ta ɗauke. Baba ya ce sananniya ce a wannan injin, daga giyar da ke kan kamshaf take kafin mai ya hau, a sa ido a kai amma ba ta hana saye. Farin tururi ya fito a baya ya watse nan take, na sanyin safiya ne. Wanda ake tsoro shi ne fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko shuɗi mai nuna ringi ya tafi tana ƙona baƙin mai, ko baƙi na fetur da ya yi yawa. Baba ya zuba wa bakin lagireto ido na tsawon lokaci, ya sa na taka totur na saki. Ruwan na motsi, amma ba ya tsirto da kumfa. Ya mayar da murfi.

Yaron ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari, wanda duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996 take da shi. Lambobi biyu suka fito. P0128, wato inji ba ya kai zafin da ya kamata, maganar tamostat ke nan. Da P0420, mai nuna matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira Indomi, ta yi rauni. Ya kuma nuna min wani shafi da ban san da shi ba, inda motar ke faɗin ko ta kammala gwaje-gwajen kanta. In an goge laifuffuka da safe ko an cire kan batir don fitila ta mutu, shafin zai nuna ba ta kammala ba. Ashe motar da na'ura ta ce ba ta da laifi ko ɗaya ma sai an tambayi yaushe aka wanke mata ƙwaƙwalwa.

Sai hawa. Mai motar ya so ya tuƙa mu, Baba ya ce a'a, mai saye ne zai tuƙa, shi ya zauna a baya. Aka kashe rediyo, aka kashe esi, aka ce kowa ya yi shiru. Ina taka birki na sa ribas, na dawo D, na sake komawa. Tana shiga ba jinkiri, ba ta zabura. A wani fili kusa da gidan na murɗe sitiyari har ƙarshe na yi kewaye a hankali, hagu sannan dama. Shaf ɗin da ya mutu a nan yake ƙas-ƙas-ƙas. Shiru.

Baba ya ƙi a hau kwalta tukuna. Ya zaɓi wani layi a cikin unguwa da ruwan damina ya zaizaye, ya ce in bi shi a hankali, gilashi a sauke. Nan take gaban hagu ya fara ƙwal-ƙwal a kowane rami. Mai motar ya ce shi ya saba har ba ya ji. Baba ya ce ƙarar ba ta da nauyi, ta fi kama da ɗan sandan sitabilaiza, za mu tabbatar a rami.

Daga nan muka hau baifas ta gabas muka nufi titin Zariya. Cunkoson manyan motoci da muka tarar ya yi mana amfani: na kunna esi har ƙarshe muna tsaye, sanyi ya zo da wuri, injin bai yi rawa ba, allurar zafi kuwa ko tsakiya ba ta kai ba, kamar yadda aka zata. Da hanya ta buɗe na riƙa ƙirga canjin giya. Huɗu gare ta, kuma kowace ta shiga a lokacinta, ba tare da injin ya yi ihu a banza kafin ta kama ba. Baba ya ce in take totur har ƙasa. Ta sauko giya ta ja da ƙarfi, yaron yana leƙen baya ko za ta yi hayaƙi. Manyan lambobin allonta mil ne, kilomita na ciki da ƙanana, don haka 60 ɗin da kake gani kusan kilomita 97 ne. Haka ma awon tafiyarta: mil dubu ɗari ya haura kilomita dubu 160. Mutane da yawa ba sa wannan lissafin.

A wajen mil 65 sitiyari bai yi karkarwa ba. Inda hanya ta miƙe ba kowa na sassauta riƙo, ta tafi sak. Na duba madubi na taka birki da ƙarfi: ba ta ja gefe ba, feda bai yi bugun zuciya a ƙafata ba. Amma akwai wani gurnani can ƙasa-ƙasa daga baya, wuuu, da ke ƙaruwa da gudu. Ni na ɗauka tsofaffin tayoyin ne. Baba ya ce in ɗan karkata hagu, in dawo dama. Da na karkata hagu ƙarar ta ƙaru, da na dawo dama ta ragu. "Boris ne, na baya, dama," ya ce. Ƙarar taya ba ta damu da inda nauyi ya koma ba.

A Kwanar Dawaki muka tsaya. Aka bar ta tana aiki, Baba ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, muka sayi ruwa muka sha. Kwalin ya fito da ɗigon ruwan esi kawai. Aka kashe ta aka sake tayarwa da zafinta, ta kama. A dawowa Baba ya karɓi tuƙi, ni na koma baya, inda iyalina za su riƙa zama, na gwada kowane gilashi da kowane makullin ƙofa.

Garejinsa muka wuce kai tsaye aka hau da ita rami. Na sauka tare da shi, kuma ina ba duk mai sayen mota shawarar ya sauka, ko da farar shadda ce a jikinsa. Motocin da suka zauna a Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yakan cinye musu ciki, ka ga sama lafiya, ƙasa kuwa sukudireba na shigewa. Tata tsatsar sama-sama ce. Ya sa ƙarfe ya ɓanɓari kowane bushin da bol-joyin, ya kama ɗan sandan sitabilaizan hagu ya girgiza, ga ƙwal-ƙwal ɗin nan a hannunsa. Shokozoba ba sa yoyo. Tukunyar Indomi ba a taɓa yanka ta an yi walda ba, tana nan, tsufa ne kawai. Da yawa sai ka tarar an farke an kwashe cikin an sayar. A jikin famfon ruwa ya ga wani siririn sawu na tsatsa, ya ce ya fara gajiya. Aka ɗaga ƙafar baya ta dama aka juya, gurnanin ya fito fili.

Takardu su ne ɗaya aibin da ba shi da farashi, kuma ba aikin bakanike ba ne. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ya san ba a daina ba, kuma motar da ba a biya mata duti daidai ba ana iya karɓe ta a hanya ko shekara nawa ta yi a hannunka. Na ɗauki takardar kwastam, da shaidar mallaka, da lasisin mota, da inshora, na bi lambar casis harafi-harafi a kowace, na gwada da ta gilashi da ta takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Na goma A ne, 2010, daidai da abin da ya faɗa. Sunan da ke kan takardun shi ne a katin shaidarsa. Duk da haka ban biya ba sai da na kai kwafin ofishin kwastam aka duba a kwamfuta cewa lambar biyan ta wannan motar ce, na kuma bi ta wajen 'yan sanda aka tabbatar ba a kai rahoton satarta ba. Mai motar bai ji haushi ba, shi ma ya ce haka ya yi lokacin da ya saya.

Ciniki a zauren gidansa aka yi, abokin aikina yana tsakani. Baba ya riga ya buga waya Ƙofar Ruwa ya samo kuɗin komai: tayoyi biyu, boris, sandan sitabilaiza, tamostat, famfon ruwa, ruwan lagireto, da kuɗin aiki. Ban kushe motar ba, don ba ta cancanci kushe ba. Takardar kawai na ajiye a gabansa, na taya.

"Albarka," ya ce. "Malam, ka san abin da aka taya ta shekaranjiya?"

Na ce ban sani ba, amma wanda ya taya bai shiga rami ba. Ya yi dariya. Ya ce tayoyi da boris ya yarda nasa ne, a cire. Fenda kuwa ya faɗa tun farko, kuma da saninta ya sa kuɗinsa. Na ga gaskiyarsa, na bar maganar fenda. Tamostat muka ɗan ja, shi yana ganin gyara ya yi mata, ni ina ganin ɓarna ce, har abokin aikina ya ce a raba biyu. Indomi ba wanda ya ɗauka, aka bar ta a kaina.

"Na sallama. Allah ya sa ka hau lafiya."

Aka rubuta yarjejeniya da lambar casis da lambar mota da adadin kuɗi, shaidu biyu suka sa hannu, na tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardu. Ya miƙo makullai biyu, da jak, da sifanar taya. Ban kai ta gida ranar ba. Garejin Baba ta kwana, inda ya ce zai fara da mayar da tamostat da raba fanka da makulli, ya wanke lagireto, sannan mu sake hawa titin Zariya da tsakar rana mu ga inda allurar zafi za ta tsaya.